Darasi na Tara: Ƙiba da Abin da Jiki Ya Gada

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana son ɗalibi ya iya:

1. auna ƙiba da lissafi, ba da kallon ido kawai ba;
2. bayyana abin da ake nufi da ƙwayar gado da kuma bambancin gama-gari;
3. faɗin girman tasirin ƙwayar gadon FTO a kan nauyin jiki, da hanyar da take bi;
4. rarrabe ƙibar da ƙwayar gado guda ke jawowa da wadda ɗaruruwa ke haɗuwa su jawo;
5. bayyana yadda abinci da motsa jiki ke ƙara ƙarfin gado ko su rage shi.

1. Tukunya ɗaya, jiki daban

A gida ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, ana ci daga tukunya ɗaya, sai ka ga ɗa ɗaya ya cika ya yi jiki, ɗan'uwansa kuwa siriri. Wata za ta ce maka, "Ni ko ruwa na sha sai ya zame mini ƙiba." Wani ya ce, "Ƙibar gidanmu ce, ba yadda na iya." Na gefe kuma su ce ai ci ne da son jiki, ba wani abu ba. Kowannensu ya riƙe wani yanki na gaskiya, ya saki sauran.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana da ƙiba mai yawa, kuma a tsakanin manya adadin ya ninka fiye da sau biyu daga 1990. Ku riƙe wannan, domin za mu buƙace shi a gaba: gadon 'yan Adam ba ya canjawa cikin shekara 32. Abin da ya canja shi ne abinci, sana'a da zirga-zirga. To amma me ya sa canjin ya kama wasu ya bar wasu? Amsar wannan tambayar ce ke cikin gado.

2. Yadda ake auna ƙiba

> Ma'aunin BMI: lissafi ne da ke gwada nauyin mutum da tsayinsa. Ana ninka tsayi a mita da kansa, sai a raba nauyi a kilo da abin da aka samu. Ga manya: ƙasa da 18.5 rama ce, daga 18.5 zuwa 24.9 daidai, daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya wuce kima. Daga 30 zuwa sama ƙiba ce mai yawa.

*Misali na 1.* Wata mai sayar da ƙosai tana da tsayin mita 1.60 da nauyin kilo 82. Ninka 1.60 da 1.60, ka sami 2.56. Raba 82 da 2.56, ka sami 32. Tana cikin rukunin masu ƙiba mai yawa.

Ma'aunin ba ya bambanta tsoka da kitse, don haka ɗan dako ko ɗan dambe mai ƙirar ƙarfi zai iya haura 25 ba tare da teɓa ba. Akwai gwajin da ke cike wannan giɓi, kuma ba ya buƙatar sikeli. Ka yanki igiya daidai tsayinka, daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka. Ka naɗe ta gida biyu, ka zagaya ƙugunka da ita ta wajen cibiya. In bakinta biyu suka haɗu, madalla. In ba su haɗu ba, faɗin cikin ya wuce rabin tsayinka, alamar kitsen ciki ya yi yawa ke nan, kuma shi ne kitsen da ya fi alaƙa da ciwon sukari da hawan jini.

3. Mene ne ake gada?

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. A cikin kusan kowace akwai wani dogon sinadari da ake kira DNA, wanda ke ɗauke da umarnin gina jiki da tafiyar da shi. An jera umarnin da sinadarai huɗu, masana suna yi musu alama da haruffa A, T, G da C. Kowane mutum yana karɓar jeri ɗaya mai haruffa kimanin biliyan 3 daga uwa, ɗaya kuma daga uba.

> Ƙwayar gado: yanki ne na DNA da ke ɗauke da umarnin wani aiki a jiki. Mutum yana da kimanin 20,000.
>
> Kuromozom: ƙunshin DNA. Muna da 46, wato 23 daga uwa, 23 daga uba. Shi ya sa kusan kowace ƙwayar gado kwafi biyu muke da ita.
>
> Bambancin gama-gari: wuri a cikin DNA inda harafin wasu mutane ya saɓa da na wasu, kuma saɓanin ya yaɗu cikin jama'a. Masu bincike sukan sa iyakar a kan kashi 5 cikin 100 zuwa sama.

In ka jera DNA ɗin mutum biyu, ko daga wace ƙasa suka fito, za ka tarar kimanin kashi 99.9 cikin 100 na haruffan iri ɗaya ne. A cikin ɗan abin da ya rage ne tsayi, launi, da saurin yin ƙiba suke bambanta.

Akwai misalin da dukanmu muka sani: sikila. Harafi ɗaya tak ne ya canja a ƙwayar gadon da ke gina sinadarin jan jini, a kuromozom na 11. Wanda ya gaji kwafi ɗaya shi ne AS, wanda ya gaji biyu shi ne SS, kuma shi ke fama da ciwon. Wannan ya koya mana yadda ake gadon kwafi ɗaya ko biyu. Amma a kula sosai, a nan kamannin ya tsaya. A sikila canji ɗaya ke yanke hukunci. A ƙibar yawancin mutane babu wani harafi guda da ke yanke hukunci.

4. Shaidar cewa ana gadon ƙiba

Ganin iyaye masu ƙiba da 'ya'ya masu ƙiba bai isa hujja ba, tunda abinci ɗaya suke ci. Dole a sami hanyar raba jini da tukunya.

Hanya ta farko ita ce 'ya'yan riƙo. A 1986 wani likita Ba'amurke mai suna Albert Stunkard da abokan aikinsa suka bincika mutum 540 a ƙasar Denmak waɗanda aka ba da su riƙo tun suna ƙanana. Da suka girma, jikinsu ya bi na iyayen da suka haife su. Bai bi na iyayen riƙon da suka ciyar da su ba.

Hanya ta biyu tagwaye ne masu kama ɗaya, domin DNA ɗinsu ɗaya ne. A 1990 Claude Bouchard na Jami'ar Laval a Kanada ya wallafa wani gwaji da ya cancanci a tsaya a kansa. An ajiye samari tagwaye, Hassan da Husaini har kashi 12, wato mutum 24, a wuri ɗaya na tsawon kwana 100. Kwana shida a kowane mako ana ƙara wa kowa abinci mai kalori 1,000 a kan abin da jikinsa ke buƙata. Ƙarin ɗaya ne ga kowa, zaman ɗaya ne. A ƙarshe kowa ya ƙara nauyi, matsakaicin ƙarin kilo 8.1. Sai dai wani kilo 4.3 kawai ya ƙara, wani kuwa 13.3. Kuma in Hassan ya ƙara da yawa, galibi Husaininsa ma da yawa ya ƙara.

Wannan gwaji ya nuna abu biyu a lokaci guda. Babu wanda ya ci fiye da buƙatarsa ya tsira daga ƙarin nauyi. Kuma laifi ɗaya, in ma laifi ne, hukuncinsa a jikin wani ya ninka na wani sau uku.

> Rabon gado: kason bambancin da ke tsakanin mutanen wata al'umma wanda gado ke bayyanawa. Ga BMI, binciken tagwaye da iyalai ya sa shi tsakanin kashi 40 da 70 cikin 100.

Mutane kan yi wa wannan adadi gurguwar fahimta. Ba ana cewa kashi 70 na kitsen jikinka daga iyayenka ya zo ba. Ana magana ne a kan dalilin da ya sa mutanen gari ɗaya, masu rayuwa kusan iri ɗaya, suka sha bamban a nauyi.

5. FTO

An daɗe da sanin ana gadon ƙiba kafin a iya nuna wurin da gadon yake. Sai a 2007 Timothy Frayling da wasu masu bincike a Ingila suka gano bambancin gama-gari na farko da ya tabbata. Ba ƙiba suka fita nema ba, ciwon sukari nau'i na 2 suke bincike. Suka ga wani harafi a ƙwayar gado mai suna FTO, a kuromozom na 16, ya fi yawa a jikin masu ciwon. Da suka duba da kyau, sai suka gane harafin nauyi yake ƙarawa, nauyin kuma ya jawo sukarin.

Suka gwada mutum 38,759, Turawa. Kimanin kashi 16 cikin 100 na manyan sun gaji kwafi biyu na harafin. Waɗannan sun fi marasa kwafi ko ɗaya nauyi da kimanin kilo 3 a matsakaici, kuma yiwuwar su yi ƙiba mai yawa ta ninka sau 1.67. Masu kwafi ɗaya suna tsakiya.

Jaridun wancan lokaci sun yi ta kiranta ƙwayar gadon ƙiba. Bari mu yi lissafi mu ga ko sunan ya dace.

*Misali na 2.* Teloli biyu, tsayinsu ɗaya, mita 1.70. Ninka 1.70 da 1.70, ka sami 2.89. Na farko ba shi da harafin, nauyinsa kilo 70: raba 70 da 2.89, BMI ɗinsa 24.2. Na biyu yana da kwafi biyu, mu ƙara masa kilo 3 ɗin nan ya zama 73: BMI ɗinsa 25.3. Harafin ya tsallakar da shi daga rukunin daidai zuwa rukunin da ya wuce kima, wannan gaskiya ne. Amma kafin mai wannan tsayi ya kai 30, sai nauyinsa ya kai kusan kilo 87. Tsakanin 70 da 87 kilo 17 ne. FTO ta ɗauki 3. Sauran 14 daga wani wuri za su zo.

*Misali na 3.* A ce a wani gari, cikin mutum 100 marasa harafin, 10 ne masu ƙiba mai yawa. Da ninkin 1.67, cikin mutum 100 masu kwafi biyu za a sami kimanin 16. An sami ƙarin mutum 6. Amma 84 suna ɗauke da kwafi biyu kuma ba su yi ƙiba mai yawa ba, sannan can ɗaya ɓangaren akwai mutum 10 da suka yi ƙiba ba tare da harafin ba.

*Misali na 4.* Miji da mata kowanne yana da kwafi ɗaya. A kowace haihuwa, yiwuwar ɗan ya sami kwafi biyu 1 ce cikin 4, ya sami kwafi ɗaya 2 cikin 4, ya fito babu ko ɗaya 1 cikin 4. Lissafin daidai yake da na AS da AS. To ga ɗaya daga cikin dalilan da suka sa wa da ƙani ke bambanta. Sai dai wannan ba abin da za a fasa aure a kansa ba ne, kuma babu likitan da ke neman a yi gwajinsa kafin aure. Kada a haɗa shi da sikila a wajen nauyi.

FTO ita ce mafi ƙarfi a cikin bambance-bambancen gama-gari da aka samu a jikin Turawa. In mafi ƙarfin kilo 3 take ƙarawa, sauran tasirinsu bai kai haka ba, da yawa ma gram ɗari-ɗari ne ko ƙasa.

6. Ta ina gadon ke shiga?

Yawancin mutane sun ɗauka mai gadon ƙiba jikinsa ne ba ya ƙona abinci. Abin da bincike ya fi nunawa daban ne. A 2008 aka gwada yara 2,726 a Sikotland, 'yan shekara 4 zuwa 10, aka kuma zaɓi wasunsu aka ajiye musu abinci iri-iri su ci yadda suke so. Masu harafin FTO jikinsu yana ƙona abinci ba ƙasa da na sauran ba. Bambancin a kwano ya fito: sun fi kai hannu ga abinci mai maiƙo da yawan kalori. Wani binciken a Landan, wanda Jane Wardle ta jagoranta a shekarar, ya nuna irin waɗannan yara ba sa saurin jin sun ƙoshi.

> Ƙoshi: saƙon da ciki, hanji da kitsen jiki ke aika wa ƙwaƙwalwa cewa abinci ya isa. Wani yanki na ƙasan ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamus ne ke karɓar saƙon, ya ƙara yunwa ko ya rage ta.

Abin da ya fito da wannan hanya fili shi ne wani ciwo da ba kasafai ake ganinsa ba. A 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller a Amurka ya gano sinadarin leftin, wanda kitse ke fitarwa ya sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya. A 1997 Stephen O'Rahilly da Sadaf Farooqi na Jami'ar Kambirij suka sami yara biyu 'yan dangi ɗaya, 'yan asalin Fakistan, waɗanda jikinsu ba ya yin leftin. Yarinyar tana da shekara 8, nauyinta kilo 86. Ƙwaƙwalwarta kullum ji take jikin yana cikin yunwa. Da aka fara yi mata allurar leftin, cin ya ragu, nauyin ya sauka. Yarinyar nan ba kwaɗayi ke damunta ba, saƙo ne ba ya isa.

Akwai kuma ƙwayar gado MC4R a kuromozom na 18, wadda ke aiki a kan wannan hanya ɗaya. Lalacewarta ita ce ta fi kowace yawa a cikin ƙibar da ƙwayar gado guda ke jawowa: a wani bincike na Kambirij a 2003 an same ta a jikin kusan kashi 6 cikin 100 na yara 500 masu matsananciyar ƙiba. A 2008 Ruth Loos da abokan aikinta suka gano cewa a kusa da ita akwai bambancin gama-gari mai ƙaramin tasiri. Wato hanya ɗaya ce: a jikin ɗaiɗaikun mutane ta toshe, a jikin miliyoyi kuwa ɗan rauni kawai ta yi.

Allurar leftin ba ta yi wa sauran masu ƙiba aiki, domin su leftin ɗin ya ma yi musu yawa. Amma yaron da ya yi ƙiba mai tsanani tun kafin shekara 5, yana kukan yunwa ko yanzu ya ajiye kwano, asibiti ya kamata a kai shi. Duka da gori ba za su gyara abin da ke damunsa ba.

A ganina nan ne zuciyar darasin. Mutum biyu za su ci malmala biyu na tuwo, ɗaya ya ji ya cika ya wanke hannu ba tare da wani ƙoƙari ba, ɗaya kuwa ya tashi yana jin da saura. In na biyun ya daure ya tsame hannu, ya yi aikin da na farkon bai ma san ana yi ba. Bai dace a ce na farko ya fi shi tarbiyya ba.

7. Idan ƙanana suka taru

Bayan FTO sai aka shiga tara jama'a da yawa ana duba DNA ɗinsu gaba ɗaya. A 2015 wata haɗakar masu bincike mai suna GIANT ta duba mutum 339,224, ta sami wurare 97 masu alaƙa da BMI, yawancinsu kusa da ƙwayoyin gadon da ke aiki a ƙwaƙwalwa. Duka 97 ɗin a haɗe kashi 2.7 cikin 100 kawai na bambancin BMI suka bayyana. A 2018 aka duba kimanin mutum 700,000, aka sami bambance-bambance 941, suka bayyana kimanin kashi 6.

Ƙwayar gero ɗaya ba ta motsa sikeli. Amma kowa an zuba masa nasa rabon, wani tafi ɗaya, wani tafi uku, kuma sikelin yana jin bambancin.

> Makin gado: jimillar haruffan ƙara nauyi da mutum ya gada, bayan an ba kowane harafi maki gwargwadon ƙarfinsa.

*Misali na 5.* Domin sauƙi, mu ɗauka wurare 10 ne kawai, kuma ƙarfinsu ɗaya. A kowane wuri mutum zai sami 0, 1 ko 2. Mafi ƙarancin maki 0, mafi yawa 20. Ya ta sami 1, 2, 1, 2, 1, 1, 2, 1, 0, 2, jimilla 13. Ƙanwarta ta sami 1, 0, 1, 1, 0, 1, 1, 1, 0, 1, jimilla 7. Iyayensu ɗaya, rabonsu daban. Da wuya a sami mai 0 ko mai 20. Yawancin jama'a a tsakiya suke taruwa.

A 2019 Amit Khera da abokan aikinsa a Amurka suka haɗa maki daga bambance-bambance miliyan 2.1. A cikin manyan da aka gwada a Birtaniya, kashi 10 na sama sun fi kashi 10 na ƙasa nauyi da kimanin kilo 13. A yara kuwa, lokacin haihuwa kusan babu bambanci, sai tazarar ta riƙa buɗewa har ta kai kilo 12 a shekara 18. Kilo 13 ba wasa ba ne. Duk da haka, fiye da rabin waɗanda ke rukunin sama ba su kai BMI 30 ba.

8. Mu fa, mutanen Afirka?

Kun lura kusan duk binciken da muka ambata a jikin Turawa aka yi. Wata ƙidaya da aka yi a 2016 ta nuna kimanin kashi 81 cikin 100 na mutanen da aka sa a irin wannan bincike 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka kuwa kimanin kashi 3. Alhali Afirka ta fi kowace nahiya yawan bambance-bambancen gado. Sakamakon haka, makin da aka gina a kan Turawa ƙarfin hasashensa yana raguwa sosai in aka gwada shi a kanmu. Duk wanda ya zo yana tallar gwajin miyau da zai gaya maka irin abincin da ya dace da gadonka, ka tuna da wannan kafin ka zaro kuɗinka.

Al'ummomi sukan kasance da nasu bambance-bambancen. A tsibirin Samowa, a 2016, an sami wani a ƙwayar gado CREBRF wanda ya yaɗu a can, ya kuma fi FTO ƙarfi, amma kusan babu shi a Turai da Afirka. A 2017 ƙungiyar Charles Rotimi, masani ɗan asalin Najeriya da ke aiki a cibiyoyin binciken lafiya na gwamnatin Amurka, ta ba da rahoton wani a SEMA4D da ake samu a jikin kimanin kashi 1 cikin 100 na mutanen Afirka ta Yamma da zuriyarsu, ba a samunsa a jikin Turawa. Shirin H3Africa, wanda aka ƙaddamar a 2010, an kafa shi ne domin masanan Afirka su yi irin wannan aiki a gida.

Wani bincike na kusa da mu ya fi jan hankalina. A 2009 aka duba FTO a jikin mutum 2,208 a Gambiya, yawancinsu mutanen karkara marasa ƙiba. Ba a ga alaƙa tsakaninta da nauyinsu ba. Wannan ya kai mu ga kashi na ƙarshe.

9. Gado da irin rayuwa

A garin Framingham na Amurka an daɗe ana bibiyar lafiyar iyalai tsara bayan tsara. A 2015 aka gano cewa a jikin waɗanda aka haifa kafin 1942, harafin FTO ba shi da wata alaƙa a fili da BMI. A jikin waɗanda aka haifa bayan haka alaƙar ta fito. Harafin bai canja ba. Mota, aikin zama da abinci mai araha da maiƙo ne suka iso.

Irin wannan sauyi muna ganinsa da idonmu. Kaka ta yi daka, ta yi surfe, ta ɗebo ruwa a rijiya, kakan ya yi noma da fartanya ya tafi kasuwa a ƙafa. Jikansu yana wuni a zaune a shago, yana hawa babur zuwa masallacin bayan layi, da lemon kwalba a gefensa. Zai yiwu haruffan da ke jikinsa su ne na kakan, amma kakan bai taɓa yin tumbi ba.

Bincike uku sun auna wannan da lissafi. A 2011 aka haɗa bayanan manya 218,166, aka ga tasirin FTO a kan ƙiba ya ragu da kashi 27 cikin 100 a jikin masu motsa jiki. A 2012 aka bi mutum fiye da 33,000 a Amurka, aka ga tasirin makin gado a jikin masu shan abin sha mai sukari kullum ya kusa ninka na waɗanda ba sa sha ko sau ɗaya a wata. Na ukun ya fi ba da ƙwarin gwiwa: a 2016 aka duba mutum 9,563 da suka shiga shirye-shiryen rage nauyi ta hanyar abinci, motsa jiki ko magani, aka tarar masu harafin FTO sun rage daidai da marasa shi.

*Misali na 6.* Wani direban tasi, mahaifinsa da yayyensa duk masu jiki ne, yana shan kwalbar lemo mai santilita 50 kullum bayan azahar. A irin wannan kwalba ta kola akwai sukari kimanin gram 50, wato cokalin shayi 12 zuwa 13. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, wanda ga babban mutum ya kama kimanin gram 50. Kwalba ɗaya ta cinye rabon yinin, ba a lissafa shayin safe ba. A mako gram 350 ke nan. In ya mayar da ita ruwa ko zoɓo marar sukari, ya kuma riƙa tafiya da sauri minti 30 kwana biyar a mako, ya cika minti 150 da hukumar ta ce shi ne mafi ƙaranci. Bai taɓa gadonsa ba, amma ya taɓa abu biyu da aka tabbatar suna ƙara wa gadon ƙarfi.

Wanda gadonsa ke jinkirta ƙoshi, dabara ta fi masa amfani a kan dogaro da haƙuri kaɗai. Ya zuba nasa a kwano daban maimakon ci daga babban faranti, ya fara da miyar ganye, wake ko kwaɗon zogale, ya ci a hankali, ya bar tukunya a madafa.

Akwai kuma ɗaya gefen. Wasu mata gadonsu na sirantaka ne, sai gori ya ishe su, su koma shan magunguna irin su deksametason domin su yi jiki. Wannan magani yana kumbura fuska, yana tara kitse a ciki, yana ɗaga sukari da hawan jini. Siririyar da BMI ɗinta ke tsakanin 18.5 da 24.9 lafiyarta ƙalau, ba ta buƙatar maganin komai.

Tambayoyin bita

1. Wani magini yana da tsayin mita 1.80 da nauyin kilo 81. Nemo BMI ɗinsa, ka faɗi rukuninsa. Wane gwaji za ka ƙara yi masa, kuma don me?
2. Bayyana ma'anar ƙwayar gado da bambancin gama-gari da kalmominka.
3. Ta wace fuska gadon FTO ya yi kama da na sikila, ta wace fuska kuma suka bambanta?
4. A gwajin tagwaye na Kanada, nawa ne mafi ƙarancin ƙarin nauyi, nawa ne mafi yawa? Me wannan ya nuna?
5. Uba yana da kwafi biyu na harafin FTO, uwa ba ta da ko ɗaya. Kwafi nawa kowane ɗansu zai samu?
6. Gaskiya ko kuskure, tare da dalili: "Duk wanda ya gaji kwafi biyu na FTO sai ya yi ƙiba mai yawa."
7. Me ya sa allurar leftin ta yi wa yarinyar Kambirij aiki amma ba ta yi wa yawancin masu ƙiba?
8. Kawo dalili ɗaya da ya sa makin gado da aka gina a Turai ba ya aiki sosai a jikin mutanen Afirka.
9. Wata 'yar'uwarki ta ce, "Yaya, ƙibar gidanmu ce, ko na rage ci ba amfani." Wane bincike daga kashi na 9 za ki kawo mata, kuma yaya za ki faɗa mata ba tare da kin ɓata mata rai ba?

Aikin gida: Ku yi gwajin igiya a gida, ku da duk babban da ya yarda. Ku tambayi wani dattijo ko dattijuwa a danginku irin aikin da suke yi a yini da abin da suke ci lokacin ƙuruciyarsu, ku rubuta shi gefe da gefe da naku na yau. Ku zo da shi aji mako mai zuwa, ba tare da rubuta sunan kowa ba.